Tsohuwar da Jangala Ya Ɗauka a Fim

Jangala makaniki ne, kuma ko maƙiyinsa ya yarda ya iya. Babu matacciyar motar da ke garinmu, nan tsakiyar hamadar Tanami, da bai taɓa shiga ƙarƙashinta ba. Aibinsa ɗaya ne, son a gan shi. Don haka da masu fim suka iso daga birnin Sydney da tireloli suna cigiyar wanda zai fito a mai bin sawu, shi ya fara wanke baƙin mai daga hannunsa ya je ya tsaya musu a gaba.

Fim ɗin kuwa irin wanda aka saba ne. Bature ya ɓata a hamada, ɓarayin zinariya na bin sa da bindigogi, sai baƙin mutum ya ɓullo daga bayan dutse ya nuna masa ruwa, kafin a tashi kuma a harbe shi. Suka tuɓe wa Jangala wando da takalmi, suka ɗaura masa bante, suka zane masa ƙirji da farar ƙasa, zanen ƙarya da babu gidan da ya gaje shi, suka miƙa masa mashi. Darakta, wani dogo mai suna Brendan, ya ce ya tsaya da ƙafa ɗaya yana hangen nesa. Mutumin da in ban da cikin lagireton mota bai taɓa gano ruwa a ko'ina ba! Ƙanin matarsa, Jungarrayi, ya yi dariya har da riƙe ciki, yana tambayarsa wa ya sace masa wando. Jangala ya ce hassada ce, kuma shi ma ya yi dariya.

Amma akwai abu ɗaya da ake yabon Jangala da shi. Tun da ya auri Nungarrayi bai taɓa haɗa ido da uwarta, tsohuwa Nakamarra, ba. Bai taɓa yi mata magana ba, bai taɓa kama sunanta ba, domin a al'adarmu babban abin kunya ne miji ya kusanci uwar matarsa. In ta doso kanti yana ciki, da wani ya ce "babu wuri", gargaɗin da ake yi in suruka ta kusato, zai sulale ta ƙofar baya. In ya harbo kangaru, dabbar dajinmu mai tsalle, jelar tata ce, amma a hannun matarsa zai aika. Dattawa kan nuna shi ga samari su ce ga yadda ake riƙe suruka.

Babban wurin da zai fito a fim ɗin shi ne inda ɓarayi za su cinna wa bukka wuta, shi kuma ya gangaro daga tudun yashi a guje, ya sungumi wata tsohuwa ya kai ta motar Baturen. Da buhun yashi ya yi ta gwaji. Brendan ya ja masa kunne cewa sau ɗaya za a ƙona bukkar, in ya ɓata, a yanke wurin daga fim, shi ma a yanke shi daga ciki. Ana gobe za a ɗauka zafi ya kwantar da matar da za ta fito a tsohuwar, wadda suka zo da ita daga garin Alice Springs. Sai mataimakiyar darakta ta zaga gari, ta ga Nakamarra na zana hoto a gindin bishiya, ta ce mata zama kawai za ta yi da bargo kusa da wuta. Ba a gaya wa tsohuwa wanda zai ɗauke ta ba. Shi ma yana can bayan tudu, ba wanda ya gaya masa.

Washegari aka ba shi alama, ya zubo a guje. Yana tsakiyar gangare ya ga yadda tsohuwar ke zaune, ƙafar hagu a miƙe saboda ciwon gwiwa, ya gane ta. Daga cikin 'yan kallo wata mata ta ɗaga murya ta ce babu wuri. Ya ji, wallahi ya ji. Wutar ma ta iskar gas ce, tana can nesa da tsohuwar, ba abin da zai same ta. Da ya tsaya, shi ke nan. Amma kyamarori na kansa, ya ce wa zuciyarsa ai ba shi ba ne, mai bin sawu ne, ya ƙara gudu.

Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta ɗago kai ta ga fuskarsa dab da tata, shi ma ya ga tata, karon farko a kusa haka. Ba ta yi ihu ba. Bargon ta ja ta rufe kanta, jikinta ya sandare kamar itace. Haka ya kai ta mota. Brendan ya yi tsalle yana tafi, wai bai taɓa ganin tsoro na gaske irin wannan ba. Mutanen gari kuwa, maza da mata, duk sun juya baya. Mai kyamara ya ɗauka wata al'ada ce, ya juya ya ɗauki bayansu.

Ranar Nungarrayi ba ta koma gida ba, ta tare can sansanin mata wurin uwarta. Jungarrayi ya daina tsokanarsa, in sun haɗu sai ya kalli ƙasa ya wuce. Kawunnan Nungarrayi suka fara zama a inuwa suna magana ƙasa-ƙasa, kuma kowa ya san auren ake aunawa. Kunya ta hana Jangala zuwa kanti. Ya sami Brendan ya roƙe shi ya cire wurin. Bature ya ba da haƙuri, da gaske kuma ya ji ba daɗi, amma ya ce bukkar ta riga ta ƙone, kuma wurin nan shi ne zuciyar fim ɗin. Sai ya tambaye shi, tunda ya gane ta, me ya hana shi tsayawa. Jangala ya juya ya tafi.

Bayan masu fim sun kwashe kayansu, yana kwance ƙarƙashin wata mota sai ya ga ƙafafun matarsa.

"Inna ta ce wani ɗan fim ne daga birni ya ɗauke ta. Ta ce ba ta san shi ba."

"Ai ta gan ni," ya ce daga ƙasan motar.

"Ta ce ba ta san shi ba. Kawunnaina sun karɓa. Kai ma ka karɓa, in kana son gidanka."

Tsohuwar da ya tozarta a gaban gari ita ce ta yi ƙarya don ta rufa masa asiri. Da mashi suka soka masa a cinya, irin hukuncinmu na gargajiya, da ya fi masa sauƙi. Ya daɗe bai fito daga ƙarƙashin motar ba.

Da fim ya fito aka kawo shi zauren taro wata Asabar da rana. Nakamarra ba ta je ba. Jangala ya raɓe a baya kusa da ƙofa, tare da 'yarsa Nampijinpa, wadda tana makarantar kwana lokacin da abin ya faru. Fuskarsa ta cika bango, da bante, da tsohuwa a hannu. Babu wanda ya waiwayo, babu wanda ya yi ko tari. Yarinyar ta dubi bango, ta dubi ubanta.

"Baba, wancan ba kai ba ne?"

Duk zauren ya kasa kunne.

"Ba ni ba ne. Wani ne daga birni."

Ta sauke ajiyar zuciya ta jingina da kafaɗarsa. "Na san dai kai ba za ka yi wa Kaka haka ba," ta ce, ta ci gaba da kallo.