Jarumi Ba Shi Da Uba

Tun ranar da Limbani ya kashe kadan da ya addabi mata a wurin wanki, ubansa Chisale bai ƙara gane kan ƙauyensu ba. Shekara sittin yana gyaran komar kamun kifi a bakin tabkin nan, amma yanzu in ya wuce sai ya ji ana nuna shi ana cewa, "Ga tsohon da ya tsince shi."

Ya tsinci wa?

Ya bi diddigin maganar har rumfar shanya kifi, inda Gogo Nabanda ke ba mata labari da hantsi, suna amsa mata da waƙa. Ya tsaya ya saurara. Wai an ga Limbani jariri cikin kwalekwale a tsakiyar ciyayi, da haƙora biyu a bakinsa, ba uwa ba uba.

"Haba Gogo!" in ji Chisale. "Ba ke kika karɓi haihuwarsa ba? Ni da hannuna na binne cibiyarsa a gindin mangwaro!"

Tsohuwar ko ɗago kai ba ta yi ba. "To sai me? Ka taɓa jin jarumin da ubansa ke aikensa sayen gishiri? Jarumi ba shi da uba. Tsintarsa ake yi, ya girma a hannun wani talaka, ya kashe dodo, sannan a kira shi nesa."

"Sannan fa?"

"Sannan ya tafi mana."

"Ya dawo?"

Ta ci gaba da juya kifinta. Matan ma kowace ta sami abin kallo a ƙasa.

Da Chisale zai bar zancen a matsayin shirmen tsofaffi, sai ga mutanen bakin kogi sun aiko. Wai nasu kadan ya fi wancan girma, ya ci mutum uku, suna roƙon jarumi ya zo. Nan tsoro ya kama shi sosai, don ya ga abin yana tafiya daki-daki yadda tsohuwar ta jera.

Ya yi shawarar ya ɓata labarin. Ranar kasuwa ya tsaya gaban jama'a ya tona asirin ɗansa: ya yi fitsarin kwance har shekara tara, kuma har gobe in ya ga hawainiya sai ya canja hanya. Ya jira a fashe da dariya. Sai Gogo ta tafa hannu. "Kun ji ko? Kowane jarumi da abu ɗaya da ke karya shi. Dama shi na rasa!" Kafin la'asar hawainiya ta shiga waƙa. Chisale ya koma gida kansa na juyawa, har ya tsaya gindin mangwaron yana duban ƙasa, yana tambayar kansa ko dai mafarki ya yi.

Da safe gari ya taru a bakin ruwa don sallamar jarumi. Limbani na ɗaure mashi a jikin kwalekwale, igiyar tana ta kuɓuce masa. Da ubansa ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, wallahi ban san yadda na kashe wancan ba. Santsi ne ya kwashe ni, na faɗa kansa da mashin."

"To kada ka je."

"Ta yaya? Ka ji su fa. Har sun sa tafiyar a waƙa."

Chisale ya dubi ɗansa, ƙaton mutum mai gemu, ya gan shi kamar ranar da aka fara kai shi makaranta. Ya juya ya ɗaga murya.

"Gogo! A duk labaranki, akwai jarumin da ya tafi da ubansa a bayansa?"

Tsohuwar ta laluba labaranta kaf. "Babu. Ba a yin haka."

"To wanda ya tafi da ubansa, yaya ƙarshensa?"

"Ban sani ba."

"Madalla," in ji Chisale. Ya naɗe wandonsa, ya shiga ruwa, ya hau kwalekwalen da ƙyar, ya ɗauki filafilin tuƙi. Waƙar matan ta sarƙe, ta mutu, don ba su da baitin da za su sa shi.

"Tura mu," ya ce wa ɗansa. "Kuma ka zauna sosai, kada santsi ya sake kwashe ka."