Karan Ebiau Mai Jan Zare

Ebiau ya daina buguwa, shi ne abin da ya ɓata zaman tukunyarmu.

Kullum la'asar muna kewaye tukunyar ajono, giyar tamba, a gindin mangwaron Mama Ikiring a bayan kasuwar Soroti. Kowa da dogon karansa na zuƙa, ita ke ajiye mana su, ita ke ƙara ruwan zafi in tukunya ta ja baya. Ebiau ɗan acaɓa ne. Da can sai mun ɗora shi kan babur kamar buhu, ya tafi yana tangaɗi. Kwatsam sai ga shi yana tashi garau.

"Giyar nan ba ta kama ni," in ji shi.

"Kanka ne ya zama dutse," muka ce.

Wansa Ochom bai yi dariya ba. Shi ya lura karan Ebiau kaɗai ke da jan zare a wuya, kuma Mama ba ta haɗa shi da namu, daban take soke shi a rufin ɗaki. Ni ma da ya nuna mini, sai da na tsame bakina daga tukunya. Ni ban yarda da jan zare a kan abin da mutum zai sa a baki ba.

Ran Asabar Ochom ya fizge karan daga hannun Mama.

"Mama, me kika ɗaure wa ƙanena? Mazantakarsa kike so ko babur ɗinsa?"

"Mazantakar me? Wannan da iska ke kayarwa?"

"Ki tsotsa mu gani!"

Ta tsotsa, ta haɗiye, ta goge baki. Sannan ta karɓi nawa karan ta jera su a ƙasa. Na Ebiau ya gaza nawa da taƙi guda.

"Ni na datse shi," ta ce. "Ƙarfin giya a gindin tukunya yake. Nasa ba ya kaiwa, ruwan sama yake sha. Zaren don kada in miƙa wa wani ne. Tun ranar da ya kayar da wata mai ciki daga kan babur a ƙofata na yi."

Wani ya fashe da dariya. "Ashe jariri muke zama da shi! A kawo masa nono!"

Ebiau ya miƙe. Ya taka karan ya karya, ya hau babur.

Mu kuwa kowa ya shiga gwada nasa da na maƙwabcinsa. Har yau da nawa nake zuwa daga gida, ban sake bar mata ajiya ba.

Ebiau ya koma shagon waragi, barasa mai ƙarfi, na bakin titi, inda ake zuba ta tsantsa a kofi, babu mai ƙara ruwa. Kafin a yanke tamba ya shige ƙarƙashin motar rake a hanyar Mbale. A gwiwa likita ya yanke masa ƙafa.