Ƙahon Ragon Suna

Matar da ke zaune kusa da Kalilu a jirgin ƙasa ta toshe hanci da gefen mayafinta, ta dubi jakarsa, ta dube shi, sannan ta tashi ta koma can ƙarshen tarago. Bai ga laifinta ba. Ya dafa ƙahon nan, ya ƙwaƙule shi, ya wanke da gishiri da lemon tsami, ya shanya a barandar abokinsa Najib a unguwar Sri Petaling, tunda matarsa Bashira ta rantse ba zai kwana mata a gida ba, amma har yanzu warin rago bai sake shi ba. Ya ƙara rungume jakar. A waje ruwan la'asar ne ke zuba, dogayen gine-ginen Kuala Lumpur sun narke a jikin gilashi, suna gangarowa a hankali.

Kalilu ɗan wanzamai ne daga Kano. Karatu ne ya kawo shi Malesiya, aska ta riƙe shi. Shi ke yi wa jariran ɗalibai askin suna, shi ke nemo musu rago daga gonakin bayan gari, shi ke kafa wa masu digiri na uku ƙaho idan zaman rubutu ya riƙe musu baya. Duk shekarun nan bai taɓa yi wa ƙaho hidima irin ta wannan ba, kuma ba don kansa ba. Na Anti Mozel ne.

Anti Mozel tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai a hawan da ke ƙasan nasu a unguwar Cheras. Bayahudiya ce haifaffiyar tsibirin Penang na nan Malesiya, abin da ba ta faɗa wa kowa sai wanda ya saba shan shayi a ɗakinta. Kalilu ya sani ne ranar da ta kira shi ya gyara mata sautin kwamfutar hannunta, wai malami ya fara karatu ita kuwa bakinsa kawai take gani yana motsi. Da ya gyara, sai ga wani matashi mai ɗan gemu yana magana daga wurin ibadarsu da ke Singapore, ga ɗalibansa a ƙananan akwatuna, duk masu furfura, kowa na bin baƙi da yatsa. Kalilu ya yi murmushi. Islamiyyar matan aure ce sak, har da mai gyangyaɗi, har da mai tambayar abin da aka gama amsawa yanzun nan.

"Ni mace ce, ba a koya mini ba," ta ce masa ranar. "Yayyena maza aka koya wa, duk sun mutu da abinsu. Yanzu da na kusa tamanin nake ɗaukar allo."

Daga nan ya zama kullum shi ke kunna mata, wani lokacin ya zauna bakin ƙofa da kofin shayi yana saurare. Watan tuba suke ciki, wanda ke zuwa kafin sabuwar shekararsu, lokacin da mutum ke bincikar kansa, yana neman gafarar mutane kafin ya nemi ta Allah. A darasi na ƙarshe malamin ya ɗago wani lanƙwasasshen ƙaho, ya ce sunansa shofar. Ya ce wajibin ranar sabuwar shekara shi ne a ji kukansa kafin rana ta faɗi. Kukan iri uku ne: dogo, da mai karyewa, da mai sheshsheƙa irin ta wanda kuka ya ci ƙarfinsa. Sai dai a ji shi daga bakin ƙahon kansa, ba ta na'ura ba, kuma Bayahude ne zai busa.

Anti Mozel ta ɗaga hannu kamar 'yar aji ɗaya. Ta ce idan likita ya hana mutum tafiya saboda zuciyarsa fa? Idan kuma mutum bai ji kukan nan ba tun yana yarinya, ba shi da tabbacin ganin baɗi?  Malamin ya ce zai aiko mata da ɗaya, ta busa da kanta. Sai dai daga baya mutumin da zai kawo mata shi ya fasa tafiya.

Kalilu da ya ji haka, ya haura sama da gudu ya ɗauko ƙahon mahaifinsa, wanda ya fi ƙauna cikin zabirarsa. Ta juya shi a hannu, ta yi dariya har da tari.

"Na bijimi ne, Kalilu. Ba ma tuna wa Ubangiji maraƙi a ranar da muke neman afuwa."

"Maraƙin zinariya? Mu ma mun san labarin."

"To ka gani. Na rago ake so, saboda ragon Ibrahim, wanda ya fanshi Ishaƙu."

"Isma'ila, Anti."

"Ishaƙu lah," ta nace, da ɗan "lah" ɗin nan na mutanen Malesiya.

"To, ragon dai ɗaya ne," in ji Kalilu. "Shi zan nemo."

Allah ya sa a makon Hafsatu matar Najib ta haihu. Ranar suna, da aka zo ba wanzami kasonsa na nama, ya ce a bar shi, ƙahon kawai yake so. Mutane suka ce Kalilu ya fara taɓuwa. Ya huda bakin da ƙusa mai zafi yadda ya ga mahaifinsa na yi, ya goge shi ya yi sumul. Abu ɗaya ne ya hana shi sukuni: ya busa har kumatunsa suka yi tsami, ko tari ƙahon bai yi ba. Shi tun tasowarsa zuƙar ƙaho ya iya, ba busawa ba. Yanzu bai sani ba, laifin bakinsa ne ko na aikinsa.

Ruwa ya tsagaita lokacin da ya iso Cheras. Ya same ta cikin farar riga, a kujerar da ke fuskantar taga, ga tuffa da zuma a faranti, ga kwamfutar a rufe, don yau ce sabuwar shekarar, ranar da addininsu ya hana taɓa ta. Numfashinta gajere, kamar wadda ta hau bene.

"Ka makara," ta ce. Ta shinshina, fuskarta ta saki. "Warin nan. Haka aljihun babana yake wari."

"Anti, gaskiya ɗaya ce. Ni bai yi mini kuka ba."

"Ba kai zai yi wa ba ai. Kawo."

Ta kai hannu bayan kunne ta zare 'yar na'urar da take ji da ita, ta ajiye kusa da zuma.

"Wannan ma na'ura ce," ta ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa.

Ta kafa ƙahon a tsakiyar baki ta busa. Iska ce kawai ta fita. Ta huta, ta sake. Iska. A karo na gaba leɓunanta suka yi fari fat. Tsoro ya kama Kalilu sosai, ya ga kamar da hannunsa ya kawo mata ajalinta a cikin jaka.

"Anti, ya isa haka! Bari ki huta!"

Ba ta ji shi ba. Ta jingina, ta lumshe ido. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin girgije, ja, ta yi ƙasa sosai, haskenta ya cika ɗakin har farar rigar ta koma ruwan zuma. Kalilu ya ji kamar ɗakin ya saki ginin yana shawagi a kan rufin Cheras. Ya ga zauren gidansu, mahaifinsa a durƙushe bayan wani dattijo, kumatunsa sun lotsa yana zuƙa. Ita kuma tana magana, ba da shi ba.

"A wurin ibadarmu na Penang, bayan labule ake ajiye mu mata. Akwai 'yar huda, nan nake sa ido. Ba na ganin fuskar babana duka, sai ɓarin dama. Kunnensa, da gemunsa, da ƙahon..." Ta buɗe ido. "Me ya sa nake ganin ƙahon a ɓarin da nake? A gefe yake sa shi, Kalilu. A gefen baki."

Ta ɗaga ƙahon, ya rinjaye ta. Kalilu ya durƙusa ya tallafe ƙarshensa da tafukansa biyu. Ta kai shi kusurwar bakinta ta dama, ta matse leɓe, ta tattaro ɗan abin da ya rage mata a ƙirji.

Da farko ya ji rawar ƙahon a tafin hannunsa kafin ya ji ta a kunne. Sai kukan ya fito, siriri, a shaƙe, ya ɗan miƙe, ya karye, ya sake karyewa, sannan ya zama sheshsheƙa, don numfashin tsohuwar iyakarsa ke nan. Ba ta yi niyyar ta yi ukun ba, su suka zo da kansu. Tantabarun da ke bakin taga suka tashi. Kalilu ya ji tsigar jikinsa ta tashi, idonsa ya cika, bai kuma ji kunyar hakan ba.

Ta janye bakinta. Idonta a rufe, kanta ya ɗan karkata.

"Ya fita, Anti!" ya ɗaga murya kusa da kunnenta. "Wallahi ya fita! Kin ji shi?"

Ta ɗaga yatsa ɗaya, ba ta buɗe ido ba.

"Yi shiru," ta ce a hankali. "Bai gama ba tukuna."

Kalilu ya yi shiru. Na'urar kunnen na nan kusa da zuma, bai miƙa mata ba. Ya ci gaba da riƙe ƙarshen ƙahon a durƙushe, har hasken ya sauka daga rigarta, har masallacin unguwa ya kira magariba.