Kwalaben da Na Tafasa

Sati uku ƙwayoyin jinin da nake raino a ɗakin bincike suna yi min tawaye. Aikina shi ne in nuna cewa akwai wasu 'yan gadi a jikinsu, masu gane fatar ƙwayar cuta da zarar ta taɓa su, su buga ƙararrawa. Ruwan gwaji kan koma rawaya in ƙararrawar ta tashi. To ni kowane farantin gwaji rawaya yake fitowa, har wanda ban sa masa cutar ba. In 'yan gadin nan ihun banza suke yi, aikin shekara biyu ya bi ruwa, ga shi saura wata ɗaya in gabatar da shi. Tsoro ya kama ni, har na daina ɗaga wayar yayata.

Farfesarmu, wadda muke kira Ba Sani Ba Sabo a bayan idonta, ta ja kujera ranar Talata da safe ta ce in yi komai a gabanta. Ina ɗauko kwalbar da nake zuba abincin ƙwayoyin ta riƙe min hannu. Ta ga tsohon rubutu ya dishe a jikinta, ta tambayi inda na samo ta.

Abin kunya. Gadon mahaifiyata na yi, mu ba ma iya jefar da kwalba mai murfi. Kwalaben roba da ake amfani da su sau ɗaya a yar, ni nakan tsince su in wanke in tafasa, ina ganin kaina gwanar tattali. Na faɗa mata haka, kaina a ƙasa.

Ban taɓa jin dariyar matar nan ba sai ranar.

"Tafasa na kashe ƙwayar cuta," in ji ta, "amma fatarta na nan manne da kwalbar. 'Yan gadin kuwa fatar suke ganewa, da rai ko ba rai."

Na ɓare sababbin kwalabe daga leda na sake gwajin. Washegari da hantsi farantin da ba cuta ya fito fari tas, mai cutar kuma rawaya shar. Na zauna kan kujera ina ta hamdala, daɗi kamar in yi kuka.

Farfesa ta leƙa ta kan kafaɗata ta daɗe tana kallo.

"Lafiyarsu ƙalau," ta ce. "Sati uku suna gaya miki gaskiya, ke ce kika ƙi yarda."