Fijon Kawu Babandi Tana Shaƙar Iska

A Bukan Sidi, wajen shekarar 2003, akwai wani tsohon direba, Kawu Babandi, da matarsa Hawwa da jikarsu Huseina, 'yar shekara tara. Abinci bai yanke musu ba, amma Kawu ya rasa rabin jinsa a shekarun da ya yi yana jigila tsakanin Lafia da Makurdi, kuma bai yarda ya rasa ba. Ita kuwa tsohuwar Fijo 404 ɗinsa ta rasa lafiya. Da an tashe ta sai injin ya riƙa rawa tun tana tsaye, kafin a kai bakin kasuwa allurar zafi ta hau ja.

Wata uku tana ajiye a gindin mangwaro, har Hawwa ta mayar da bonet ɗinta wurin shanyar agushi. Ran Laraba ta yanke hukunci: in motar ba ta kai su bikin suna a Kwandere ran Juma'a ba, za ta cire kujerun ta zuba kajinta a ciki. Huseina ta ji abin har ranta, don a kujerar baya take yin aikin makaranta.

Maƙwabta suka kawo shawara. Wani ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a lagireto, wani ya ce garin barkono ya fi toshe yoyo. Kawu ya gode wa kowa, ya ce motarsa ba tukunyar miya ba ce. Ya kira Huseina suka bi abin daki-daki. Ruwan lagireto cike yake. Ƙasa a bushe, babu ɗigo. Ya danna fanbel, wato bel ɗin fanka, da babban yatsa, yana da ƙarfi. Ya tashi injin, ya tsaya yana kallon yadda yake kakkarwa.

Huseina ta ce tana jin wani abu yana "sss" kamar maciji. Kawu ya karkata kai ya ce babu wani sss, da akwai da ya ji.

"Tsoho, jiya ma sau uku Kaka ta kira ka cin tuwo."

"Na ji ta, Injiniya. Ja mata aji nake yi."

Duk da haka ya shiga ɗaki ya fito da guntun tiyon ban ruwa. Ya ɗaure wa Huseina ɗankwali tamau, ya gargaɗe ta kada ta matso kusa da fanka. Ta kafa baki ɗaya na tiyon a kunnenta, shi kuma ya riƙa yawo da ɗaya bakin a jikin injin sannu a hankali. Wajen batir, shiru. Wajen lagireto, gurnani kawai. Da ya iso ƙarƙashin kafireto, inda mai yake haɗuwa da iska, sai ta zabura ta ce nan ne.

Wani siririn tiyon roba ne, an gwaguye gefensa. Kawu ya toshe ramin da yatsa, nan take injin ya daina rawa, ya koma numfashi lafiya lau. Ya ɗaga yatsan, rawa ta dawo. Sau huɗu Huseina ta sa shi ya maimaita. Ya bayyana mata cewa iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya, ta fi man yawa, shi ya sa injin yake wahala har ya ɗau zafi.

A kusa da tiyon suka tarar da tulin ɓawon agushi da kashin ɓera. Kawu ya kwaso a tafin hannu ya kai wa Hawwa, ya ce baƙinta sun bar mata saƙo. Ta duba, ta ce ai ɓera ba ya tarewa a motar da take tafiya.

Ya yanke wurin da ya lalace, ya mayar da sauran tiyon ya ɗaure da waya. Ran Juma'a da hantsi suka kama hanyar Kwandere, Huseina ta leƙo ta kafaɗarsa tana gadin allura, allura kuwa ba ta wuce tsakiya ba har suka isa.

A ranar Huseina ta gane cewa ba duk motar da ta yi zafi ce take neman ruwa ba, kuma kafin a zuba mata komai sai an saurare ta.