Kunyar Ɗan Fari

Laraba ta leƙa ƙofar ajin da suke kwana ta ga ba kowa kusa, sannan ta durƙusa ta cusa kai cikin randar da ba ruwa. Ta buɗe baki. "Ba…" ta ce, randar ta maido mata da sautin da kauri kamar muryar wani ƙato. Sauran sunan ya ƙi fitowa. Ta sake gwadawa, gumi na tsattsafo mata duk da sanyin safiya, har 'yarta Bushira ta farka ta tsaya tana kallonta.

"Inna, ƙadangare ne ya faɗa?"

"Koma ki kwanta."

Sunan da take kokawa da shi Badaru ne, sunan ɗanta na fari. Shekara goma sha huɗu ke nan da ta haife shi, kuma ko sau ɗaya sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Haka aka tarbiyyantar da ita a ƙauyensu na gefen Ruma. Mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi ta kau da kai, in an zage shi ta yi kamar ba ta ji ba. "Kai" take ce masa, ko "wannan yaron". Laraba kuwa ta ƙware a wannan fanni, har surukarta takan ba da misali da ita a gidan biki. Yau kuma an ce ta je kotu ta faɗi sunan a gaban alƙali, ta ce ita ta haife shi, ta faɗi shekarunsa.

*

Damina biyu da suka wuce ne mutanen daji suka harbe mijinta Mani a gona. Badaru ne ya gano gawar, shi ne kuma ya turo ta gida a amalanke, yana ɗan shekara goma sha biyu. Ba a daɗe ba aka ƙone ƙauyen, suka gudo Batsari, aka zuba su a ajin wata firamare tare da wasu iyalai, kowa ya rataya zane ya ce nan ne ɗakinsa.

Ranar da suka iso, Laraba ta kwance ƙullin kayanta ta ciro rigar Mani ta miƙa wa yaron, idonta na kan bango.

"Kai ne namijin gidan nan yanzu. Ƙuruciya ta ƙare."

Ya karɓa ya sa. Abin takaici, rigar ta kusa yi masa daidai, don tsawon ubansa ya ɗauko. Daga ranar bai ƙara kuka ba. Amma in babur ya wuce da gudu sai ya zabura ya dafe bango, jikinsa na karkarwa. Laraba na gani. Sau da yawa zuciyarta ta ce ta jawo shi jikinta ta tambaye shi abin da ya gani a gonar nan, sai ta tuna akwai idanu a bayan kowane zane. Sai ta ce, "Kai, je ka nemo itace."

A gari babu gona, kuma yunwa ba ruwanta da takaba. Samarin tasha ne suka fara yi wa Badaru magana kamar mutum. Suka sa masa suna Dogo, suka ba shi wata ƙwaya da ke hana jiki rawa, suka ɗora shi a bayan babur da jarkokin fetur zuwa bakin daji. Kowa ya san masu sayen fetur a bakin daji. Wataƙila ma hannun da ya harbe Mani ne yake karɓar jarka daga hannun ɗansa. Yaron yakan dawo da shinkafa a leda da ɗan manja, ya ajiye a gabanta ba magana, ita kuma ta dafa ba tambaya. Kada ma a yi mata kara a ce ba ta sani ba. Ta sani sarai. Bushira ce dai ta daina kwana da yunwa, wannan ya rufe mata baki.

A hanyar Safana 'yan sa-kai suka tare shi, Allah ya sa ba su gama da shi a wurin ba, suka miƙa shi ga 'yan sanda. Da aka tambaye shi shekarunsa, ya ɗaga kafaɗa a cikin rigar ubansa ya ce ashirin.

*

Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Malama Zuwairatu, ita ta biyo sawu har ajin. Mace ce mai saurin magana, da ka gan ta ka san ta gaji.

"Innar Bushira, ki saurare ni da kyau. Na ga yaron nan, ko gemu bai fara ba. In kotu ta yarda bai kai sha takwas ba, gidan horon yara za a kai shi, a koya mashi sana'a, wata rana ya dawo maki. In aka bar shi a ashirin ɗin nan, cikin manya za a kulle shi, da irin mutanen da yake kai wa mai. Na ga yaran da suka shiga can. Waɗanda suka fito, iyayensu ma ba su gane su ba. Akwai takardar haihuwa?"

"A ɗaka na haihu."

"Unguwarzomar fa?"

"Tana cikin waɗanda aka ƙone."

"To sai wani nashi ya tsaya ya shaida."

Laraba ta ji sanyi a ranta, don wannan aikin maza ne. Ta tafi wurin Daudu, wan marigayi mijinta, ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi iyali da gajiya, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Daudu yana goge bindigarsa ta sa-kai, bai ko ɗago ba.

"Ni in tsaya gaban jama'a in ce mai kai wa ɓarayi fetur jinina ne? Gobe wa zai yarda ya shiga daji da ni? Wanda ya ci shinkafar shi zai je."

Shi ya sa gari ya waye mata da kai a cikin randa.

*

Kotun ta cika maƙil. Rabin mutanen 'yan gudun hijira ne irinta, kowa da wanda aka kashe masa, sun zo su ga fuskar masu ciyar da daji. Ga matan ƙauyensu a jere, har da ƙawayen surukarta. Aka shigo da Badaru a tsakiyar wasu ƙarti, an haɗa hannunsa da na wani mai furfura da ankwa ɗaya. Ya rame, leɓensa ya fashe. Laraba ta dube shi sau ɗaya ta sunkuyar da kai.

Malama Zuwairatu ta miƙe ta yi bayani, mai gabatar da ƙara ya ce ai wanda ake tuhuma da bakinsa ya faɗi shekarunsa. Alƙali ya dubi tarin shari'un da ke jiransa, ya ce a kira uwar.

"Baiwar Allah, kin san wannan?"

Ta gyaɗa kai.

"Kotu ba ta rubuta gyaɗa kai. Mene ne sunansa, kuma mene ne tsakaninku?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Wata tsohuwa a baya ta yi tsaki. Wani ya ce, "Ai dole ta ji kunya," aka yi 'yar dariya.

"Na san al'ada," in ji alƙali, muryarsa ba faɗa. "Ni ma ɗan fari ne. Amma nan sai an faɗa da baki. Ina jin ki."

Laraba ta buɗe baki. Sunan yana nan a kan harshenta, ta ji nauyinsa. Ta dafa katakon da ke gabanta. "Ba…" ta ce. Numfashi kawai take nema ta ƙarasa, kuma da an ba ta wannan numfashin da ta ƙarasa.

"Ranka ya daɗe, a ƙyale ta."

Badaru ne. Ya miƙe tsaye sosai har ya jawo hannun mai furfurar sama. Tun da aka fara yake kallon yadda take karkarwa a gaban mutane, kuma an riga an gaya masa aikin namijin gida.

"Kada a tozarta ta. Ni ba yaro ba ne, ni nake ciyar da gidanmu. Shekarata ashirin."

"Allah ya gafarta malam, tsoro ne da…" in ji Malama Zuwairatu.

Alƙali ya ɗaga hannu. Ya ce tunda babu shaida, a ajiye wanda ake tuhuma a gidan yari har sai likita ya duba shekarunsa. Bai faɗi ranar da likitan zai zo ba. Aka kira shari'a ta gaba.

*

A waje rana ta take. Ana tura fursunonin cikin baƙar motar gidan yari ɗaya bayan ɗaya, mata sun yi cincirindo a bakin ƙofa, wasu na kuka, wasu na Allah ya isa. Laraba ta kutsa tsakiyarsu, mayafinta ya zame ya faɗi, ba ta tsaya ɗauka ba. Ta ga ƙeyar ɗanta, ta ga wuyan rigar Mani da ya yage. Ƙafarsa ɗaya ta riga ta hau.

"Badaru!"

Sunan ya fito gaba ɗaya, da ƙarfin da ya sa matan suka yi tsit.

Ya waigo da sauri. Ya bi fuskokin matan da kallo yana neman wadda ta kira shi. Idonsa ya zo kan Laraba, ya wuce ta, ya ci gaba da nema a bayanta, don bai san yadda sunansa yake a muryar uwarsa ba. Yana cikin nema ɗan sanda ya dafa kansa ya tura shi ciki, aka ja ƙofa.