Taku Ɗari Tara

"Sake faɗa min," in ji Shugabar makaranta. "Me ya kai 'yan aji uku bakin shagon mai faci da ƙarfe goma na safe?"

"Duniya ta takwas, ranki ya daɗe," in ji Malamin Kimiyya. "Nan lissafi ya ajiye ta."

A kan teburinta an jera kayan shaida kamar na ɓarawon da bai iya sata ba: ƙwallon ƙafa ɗaya, ƙwayar gero manne a jikin takarda, maɓallin riga, da ƙwayar wake. Fanka ba ta aiki. Tagar ofishin ɗaya ce, ita ma da ƙarafuna. A kujerar da ke bakin ƙofa kuwa, ta yadda ba mai fita sai ya ce a gafarce shi, yayan matar Malam ne zaune, malamin addini na makarantar, wanda ya samo masa wannan aiki da ɗaki biyu a gidajen ma'aikata.

Laifin dai ranar Talata aka yi shi. Malam ya gaji da hoton littafi, inda duniyoyi ke jere kusa da rana kamar masu jiran motar haya. Sai ya fito da yara fili, ya ajiye ƙwallo a gindin tuta ya ce wannan rana ce. Suka ƙirga taku talatin, ya ajiye ƙwayar gero ya ce ga mu nan, da tekunanmu da jarrabawarmu. Maɓallin, wato duniya mafi girma a cikinsu, ya faɗa bayan bayi. Wake kuwa, wato duniya ta takwas, sai da suka fice daga makaranta, taku ɗari tara. A can wata yarinya ta tambayi inda tauraro mafi kusa zai zauna, ya ce sai an yi tafiyar sama da kilomita dubu shida, kuma duk tsakanin, iya saninmu, ko kiyashi babu.

Yarinyar ta waiwaya. Ba a ko hango tuta. Ta ce, "Malam, to duk wannan filin na mene ne?"

Ya ce, "Ban sani ba."

Shekara goma sha ɗaya yana koyarwa, ranar ce kaɗai ya faɗi abin da yake da cikakken tabbaci a kai, aka kuwa yi rashin sa'a mahaifin yarinyar shi ne shugaban ƙungiyar iyaye.

"Kwana biyu ba ta ci abinci ba," in ji Shugaba. "Ta tambayi uwarta ko ana jin addu'ar wanda ke kan ƙwayar gero."

Wannan ne ya sosa masa rai, amma ya ƙi bari a gani.

Yaya ya gyara murya. "Ƙanena, kai ka ga wofi, ni na ga iko. Matalaucin magini ne ke ƙuntata fili."

"Na yarda, Yaya. Amma wanda ya gina gida mai ɗaki dubu dubu, ya sa tururuwa a ɗaya, ya kulle sauran, ba laifi ba ne idan tururuwar ta tambaya."

"Wa ya ce maka don tururuwar aka yi ginin? Kun cika son kai, ku 'yan kimiyya. Ko sama sai ta zama gonarku sannan ta yi amfani? An yi ta ne don mutum ya ɗaga kai ya san bai kai komai ba."

"To ai shi na nuna musu."

"Ka nuna musu, sannan ka saki hannunsu a bakin titi."

Abin haushi da Yaya shi ne wani lokaci yakan yi gaskiya, kuma bai taɓa bari a manta ba.

"Ni fa ina salla," in ji Malam a hankali. "Ban ce babu dalili ba. Cewa na yi ban san shi ba. Kai ka sani?"

Yaya ya dubi ƙwayar gero na ɗan lokaci, fiye da yadda ta cancanta. "Ni ba a aji nake tambayar kaina ba," ya ce.

Shugaba ta tafa hannu sau ɗaya. Ita ba ta da matsala da sararin sama muddin bai shigo mata ofis ba. Ta zaro takarda. Ƙungiyar iyaye, ta ce, mutane ne masu sauƙin kai. Abu biyu suke so: kada darasi ya sake ƙetare ƙofar aji, kuma yau ɗin nan a sake yi wa yaran bayani yadda hankalinsu zai kwanta. In ba haka ba, akwai wani matashi da ya gama jami'a bara, yana neman aiki, kuma ba shi da iyali, ɗaki biyu ma ya yi masa yawa.

"Ƙanwata tana wata na takwas," in ji Yaya, yana kallon rufi.

Malam ya ɗauki biro, ba don sa hannu ba tukuna. Ya juya takardar ya yi ɗan lissafi a bayanta, domin mutum yakan so ya nutse da mutuncinsa.

"Ranki ya daɗe, tsawon ajin duka taku goma ne. In duniyoyin duka za su shiga ciki, rana za ta koma ƙwayar gero. Duniyarmu kuwa ba za a gan ta ba sam. Ƙurar alli ta fi ta."

"To ka ƙara mata girma mana," in ji Shugaba.

"Sai lissafin ya lalace."

"Malam, lissafin ne ke da mata mai ciki?"

Ya sa hannu. Yaya ya janye ƙafafunsa ya ba shi hanya, har da dafa masa kafaɗa, sannan ya biyo shi a baya, wai ai hanyarsu ɗaya.

Bayan hutun tara, 'yan aji uku suka miƙe suka gaishe shi. Yarinyar tana layi na biyu, idanunta sun faɗa. Bai dube ta ba. Ya ɗauki alli ya zana rana, ya zana Duniya a gefenta da girman faranti, kusa sosai, kamar za ta jingina. Sauran ya jera su kafaɗa da kafaɗa. Yara suka kwafa cikin natsuwa, wasu har da launi. Ya ji yarinyar ta sauke numfashi, kuma bai san ko ya ji daɗi ko ya ji kunya ba.

Yaya ya leƙo ta taga, ya duba allon daga wannan gefe zuwa wancan kamar mai duba aikin kafinta.

"Ya yi kyau, ƙanena," ya ce ƙasa ƙasa. "Sai dai can gefen dama har yanzu da sauran fili."

Malam ya ɗauki sabon alli. Ya yi ta ɗiga taurari, ɗaya kusa da ɗaya, har baƙin allon ya ƙare.